Kafireton tsohuwar Fijo na zubar da mai: kit, na gwanjo, ko sabo ɗan Chana?

Masu 504 da 505 da 'yan Bitil ɗin da suka rage a Zariya, wannan naku ne. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 ba wanda ke jin warin fetur a gareji ya ce a bari sai gobe, kuma ba ma kuɗin kaɗai ba, fetur ɗin da ke ɗiga kan inji mai zafi wuta yake jira. To matsalar ita ce da ka kai wa bakanike ka ce oga kafireto na yoyo, kafin ya ɗaga bonet ya ce maka sai dai a canza. Ni dai ra'ayina kada ka fitar da ko sisi sai ka ga da idonka inda man ke fitowa, don sau da yawa ba kafireton ba ne ma.

Gano wurin ba wuya. Bari inji ya huce, cire fankon iya kilina, wato matatar iskar da ke kan kafireton, goge jikin kafireton tas ya bushe, sai ka barbaɗa masa farar hoda har kan tiyo da kilif. Ka sa wani ya tayar kai kuma kana kallo, a fili ba cikin gareji ba, ba sigari ba ashana. Inda hodar ta fara jiƙewa nan ne, amma ka bi jiƙar zuwa sama don mai gangarowa yake yi. In bakin tiyo ne to ka huta, tiyo ne ya tsage ko kilif ya saki, ka sayi tiyon fetur na gaskiya ba irin robar nan fara ta ruwa ba da take ƙandarewa cikin 'yan watanni. Masu Bitil ku duba ɗan bututun tagullar nan da tiyo ke shiga a jikin kafiretonku ƙirar Solex, matse shi kawai aka yi a ciki, yana iya zarewa, kuma ya ƙone Bitil da yawa a duniya.

In kuwa ka leƙa maƙogwaron kafireton ka ga mai na tsiyaya ciki alhali ba a taka totur ba, ko bayan an kashe mota, ga baƙin hayaƙi a salansa ga fulogi baƙi ƙirin, to cika yake yi yana ambaliya. Abu uku ke kawo haka. Ko fulot, wato abin da ke yawo a kan mai cikin kofin kafireton yana tura allura ta toshe in ya cika, ya huje ya sha mai ya nitse, ko allurar da ke toshe mai ta ci ko datti ya tokare ta, ko famfon mai na turowa da ƙarfin da ya fi ƙarfin allurar. Fulot na tagulla ka girgiza shi kusa da kunne, in ka ji motsin ruwa ya tashi aiki, ko ka tsoma shi a ruwan zafi ka ga ko zai yi kumfa. Allura kuma ka kifa murfin kafireton fulot ya kwanta a kanta sai ka hura ta inda mai ke shiga, in iska ta wuce ba ta toshewa. Dattin nan yawanci daga tanki yake, tankin da ya shekara talatin ya yi tsatsa ga man 'yan bumburutu na galan, saboda haka komai za ka saya ka haɗa da filta, in ba haka ba sati biyu ka dawo gidan jiya.

Wani abu da ake mantawa, zaro sandar baƙin mai ka sansana. In kana jin fetur kuma baƙin man ya ƙaru ya tsinke, ko dai ambaliyar ta daɗe tana gangarawa cikin inji, ko kuma robar famfon mai ta yage tana zubawa ciki kai tsaye. A canza baƙin man nan take, kada a yi tafiyar Kaduna da shi.

Yanzu maganar saye.

Kit shi ne mafi arha kuma shi na fi ba wa mutane shawara in dai gangar jikin kafireton lafiya take. Ana samun gasket a ciki, da allura da mazauninta, da robar famfon totur, wasu har da ƙananan zobba, amma fulot ba kasafai yake zuwa ciki ba sai ka tambaya daban. Wahalar kit ita ce samun daidai naka. 504 kaɗai ta zo da kafireto iri-iri, akwai Solex mai maƙogwaro ɗaya akwai mai biyu akwai Zenith, kuma motar da kamfanin PAN na Kaduna ya fara haɗawa tun 1975 ta bi hannun mutum nawa kafin ta zo gare ka, wa ya san abin da aka ɗora mata a hanya. Don haka kada ka shiga shago a Sabon Gari ka ce a ba ni kit na Fijo, karanta lambar da ke jikin kafireton, ko ma ka tafi da tsohon gasket ɗin a leda a ɗora a kan sabon a gani rami ya hau rami. Kuma don Allah ka hana yaran gareji shafa gam, fetur narkar da shi yake ya tafi ya toshe jet, wato ƙananan ramukan da ke auna man da ke shiga inji. Haka ɗaure noti da ƙarfin tsiya, ƙarfen kafireto mai laushi ne, murfin na lanƙwashewa, daga nan ko gasket goma ka sa sai ya yi gumi. Ana gane wannan in an kifa murfin kan gilashi aka ga yana rawa.

Inda kit ba zai yi maka komai ba shi ne in sandar totur ta cinye mazauninta. Kama ta ka girgiza sama da ƙasa, in tana kaɗawa to iska na shiga ta nan, silo ba zai taɓa zama ba, kuma duk sanda kafireton ya yi ambaliya ta nan man zai fito waje. Haka in jikin ya tsage ko zaren da ake ɗaura bututun mai ya cinye. Nan ne ake maganar na gwanjo, wanda ake ce wa Beljiyam. A Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano za ka fi samun zaɓi fiye da nan gida, kuma asalin Solex tsoho in ka dace da mai kyau ya fi min sabon kwaikwayo nesa ba kusa ba. Sai dai fa shekarunsa ɗaya da naka ko ma ya girme shi, kuma da yawa ba daga Turai suka zo ba, a jikin motocin nan namu aka kwance su aka wanke da fetur suka yi ƙyalli. Ka girgiza sandar totur a gaban mai shagon, ka sa a buɗe murfin ka ga cikin kofin, in ka ga farin gari kamar toka ruwa ya kwana a ciki ya ci ƙarfen, ajiye masa kayansa. Ku yi magana tun farko cewa in bai yi ba za a canza, kuma ka sa a ranka shi ma sai ka saya masa kit, ka lissafa da wannan kafin ka ce ya yi arha.

Sabo ɗan Chana yana da kyau a kwali, sandarsa ba ta kaɗawa, wani ya yi aiki lafiya wani kuma ya fara ambaliya tun ranar farko don ba a saita tsayin fulot ba ko an bar ɓarɓashin ƙarfe ciki. Jet ɗinsa ma ba lallai ya dace da injinka ba. In shi ka samu, a buɗe a wanke a saita kafin a ɗora, kuma kada ka yar da tsohonka, jet ɗinsa na iya ceton ka.

Akwai masu son Weber 32/36, musamman masu gyara motar Baba don ta fita ranar Sallah. Kafireto ne mai kyau amma tsada gare shi, na bogi sun cika kasuwa, sai an nemo farantin da zai zauna a kai an gyara wayar totur, kuma ba ya son matsin mai ya wuce wajen psi 3 a ma'aunin matsi. Wannan ma ya shafi duk wanda aka sa wa famfon lantarki na motar injekta a tsohuwar mota, ƙarfinsa ya ninka abin da allura za ta iya riƙewa sau da yawa, ko sabon kafireto ka ɗora sai ya zubar. A nemo famfo mai ƙaramin matsi na kafireto, ko a mayar da na asali mai aiki da inji in har yanzu mazauninsa na nan.