Hidimar ja-gorancin zamiya a Toubkal: ja-goran ya san aiki, kayan haya sun gaza

Duk wanda ke shirin zamiya da allo a kan dusar ƙanƙarar Toubkal, dutsen da ya fi kowane tsawo a Arewacin Afirka da mita 4,167, ya sani cewa babu injin da zai kai shi sama, kuma hukumomin Maroko ba sa barin baƙo ya hau ba tare da ja-gora ba. Don haka na danƙa shirin tafiyar a hannun wani ƙaramin kamfani na ƙauyen Imlil da ke kudu da Marrakesh, kuma ra'ayina a kansa ya rabu gida biyu.

Jigilar kaya ta tafi daidai. Alfadarai sun ɗauki kaya har kusa da Sidi Chamharouch, wani zango da ke kan hanyar hawa dutsen, inda ƙanƙara ta tare musu hanya, daga nan 'yan dako suka ƙarasa da su masaukin da ke mita 3,207.

Abin da ya sa kuɗin ya halatta shi ne ja-goran. Kowace safiya, kafin a bar masauki, sai ya gwada na'urar da ake nemo mutum da ita idan dusar ƙanƙara ta zaftaro ta binne shi, ya kuma tabbatar kowa na da shebur da sandar bincike. Yakan sa a tashi tun da asuba, domin a sauko daidai lokacin da rana ta tausasa saman da ya daskare cikin dare, kafin zafin azahar ya sassauta gangaren. Ranar da iska ta share saman dutsen har duwatsu suka fito, ya soke hawan ƙololuwa duk da ƙorafin wasunmu, ya karkata da mu zuwa kwarin da ke ɓangaren Ouanoukrim, wani dutse da ke maƙwabtaka da Toubkal, inda muka sami zamiya mai tsawo. Wannan tsayuwa kan gaskiya ta fi komai kwantar mini da hankali, domin ja-goran da ke biye wa son ran baƙi a irin wannan wuri yana wasa da rayuka ne.

Kayan haya kuwa ba su yi ba. Allon da aka ba ni irin mai rabewa biyu ne don hawa, amma gam ɗin fatar da ake manna masa a ƙasa don kada ya zame baya yayin hawa ya mutu, ta riƙa ɓallewa a tsakiyar gangare. Haka kuma ba a faɗa mana tun farko cewa ladan 'yan dako ba ya cikin farashi ba.

Ina ba da shawarar irin wannan hidima ga wanda ya riga ya ƙware a zamiya, matuƙar ya zo da allonsa da takalmansa, ya yi inshorar da ta haɗa da ceto a kan dutse, ya nemi farashi a rubuce, sannan ya sa tafiyar tsakanin Fabrairu da Maris.