Hattara da "taron kimiyyar teku" da ke yawo a WhatsApp

Malamai da ɗaliban sashen kiwon kifi a Birnin Kebbi da Aliero, ku yi hattara. Akwai takardar gayyata da ke yawo a zaurukan WhatsApp, wai taron ƙasa da ƙasa ne kan kimiyyar teku da za a yi ta Zoom, an jera hotunan Turawa masu furfura an ce farfesoshi ne. Damfara ce tsagwaronta.

Ka tura taƙaitaccen bayanin bincikenka bayan isha'i, kafin asuba takardar amincewa ta iso. Wane kwamiti ne ya kwana karatu? Wani abokin aikinmu bincikensa kan karfasa ne a kogin Neja ta ɓangaren Yawuri, amma wasiƙar da suka aiko masa tana yaba "gudummawarsa kan halittun ƙarƙashin teku". Ko sunan kifin ba su duba ba.

Daga nan sai batun kuɗi, inda wasan yake. Za su ce rangwame zai ƙare ƙarfe 12 na dare, gobe farashi ya ninka. Lambar asusun kuma ba ta jami'a ba ce, ba ta ƙungiya ba, sunan wani mutum ne kawai. Ka biya na rajista, a ce saura na takardar shaida. Ka biya wannan, a ce saura na buga maƙala a mujallar da wai tana cikin Scopus, wato kundin da ke jera mujallun bincike da ake amincewa da su. Ranar taro kuwa, ko dai hanyar shiga ta ƙi buɗewa, ko ka tarar da tsohon bidiyo yana ta zuba, babu wanda za ka yi wa tambaya.

Sun san inda yake mana ƙaiƙayi, shi ya sa. Malami na neman maƙala don ƙarin girma, ɗalibin digiri na biyu na son abin da zai nuna wa mai duba aikinsa. Sai dai takardar shaidar irin wannan taro, in kwamitin ƙarin girma ya bincika, kunya za ta jawo maka.

Cibiyoyin tarayya na gaskiya, irin su cibiyar binciken teku ta NIOMR da ke Legas tun 1975 ko cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta New Bussa, kuɗinsu asusun bai-ɗaya na gwamnati yake shiga, ba na wani mutum ba. In an ambaci FISON, ƙungiyar masana harkar kifi ta Najeriya, tambayi mambobinta na sashenku. Jerin mujallun Scopus kuma kyauta ake duba shi. Ɗauki sunan farfesa guda daga takardar, ka nemo adireshinsa a shafin jami'arsa, ka tambaye shi ko ya san da taron.

Wanda ya riga ya biya, ya garzaya bankinsa yau da rasit, sannan ya kai ƙorafi EFCC. In kuma sun nemi BVN ko lambar sirrin da banki ya turo a waya, kada a ba su.