Sharhi kan Git: wai dole sai wannan zaɓin ya riga wancan?

Na daɗe ina aiki da Git, manhajar nan ta adana tarihin canje-canjen fayiloli, ta taminal, wato inda ake rubuta kwamand da hannu, kuma gaskiya ba ni da niyyar barinsa, yana da sauri, yin reshe (branch) da haɗe shi ba wahala. Amma akwai abu ɗaya da har yau yake ɗan ɓata min rai, wato maganar inda zaka saka zaɓi, irin kalmomin nan masu farawa da dash kamar -p ko --oneline, a cikin layin kwamand.

Na farko dai na yarda da shi. Git ya raba zaɓuɓɓukansa gida biyu, akwai na shi kansa git ɗin, akwai na ƙaramin kwamand da ke biyo baya irinsu log da commit. Na git kansa dole su zo kafin kwamand ɗin. Shi yasa git --no-pager log yake tafiya lafiya lau, amma in ka rubuta git log --no-pager sai ya ce maka bai san wannan ba. Haka -C da aka shigo da shi a siga ta 1.8.5 a 2013, git -C folda status zai shiga foldar ya duba maka, in ka mayar da shi baya kuwa ya ƙi. Kuma akwai dalili, don harafi ɗaya yana aiki biyu ko uku. git -p log yana nufin a nuna sakamako shafi-shafi, git log -p kuma a nuna canjin da ke cikin kowane kwamit, wato kowane canjin da aka adana da commit. -C a bayan commit ɗauko saƙon wani tsohon kwamit yake, a bayan diff kuma neman fayilolin da aka kwafa. To kaga in aka bari kowa ya saka inda ya ga dama ai rikici ne. Ba Git ne ya fara ba ma, CVS, wata tsohuwar manhaja mai irin aikinsa, haka take, cvs -d daban, cvs checkout -d daban.

Inda nake da ƙorafi shi ne rashin tsayawa a magana ɗaya. git add fayil.txt -f yana aiki. git log main --oneline ma yana aiki. Amma git log fayil.txt --oneline sai ya tsaya cak ya ce wai zaɓin dole ya zo kafin sauran, saboda da zarar log ya ga sunan fayil to duk abin da ya biyo baya fayil yake ɗaukarsa. Haba, kwamand ɗaya fa, reshe ya halatta fayil ya haramta. git grep ma yana da irin wannan halin. Kuma kowa ya san yadda ake yi, ka danna kibiyar sama ka dawo da layin baya ka ƙara abu a ƙarshe, to a nan ba dama, sai ka ja alamar rubutu (cursor) ka koma tsakiyar layi. Takardar bayaninsu ta gitcli ta faɗa ƙarara cewa a fara da zaɓi sannan sauran su biyo, sannan kwamit kafin fayil, amma tunda wasu kwamand ɗin suna yi maka sassauci sai hannu ya saba da abin da wani wurin ba zai karɓa ba.

Wannan ma da sauƙi tunda yana yi maka ihu. Wanda ya fi ban tsoro shi ne wanda yake yin shiru. --exclude a cikin log yana shafar --all ko --branches ɗin da ke zuwa bayansa ne kawai, in ka rubuta --all sannan --exclude ba zai ce maka uffan ba, zai zubo maka komai har da rassan da kace a cire, kuma in a cikin sikirif ne, wato fayil ɗin kwamand da ke tafiya da kansa, sai a daɗe ba wanda ya lura. Sai kuma -am da -ma a bayan commit, na farko yana kwashe canje-canje ya saka saƙo, na biyu harafin a ɗin ne zai zama saƙon kwamit, saƙonka na gaske kuma a ɗauke shi sunan fayil.

Mercurial, wani takwaran Git da kwamand ɗinsa shi ne hg, da ya fito shekara ɗaya da Git, 2005, bai da wannan takurar a zaɓuɓɓukansa na gaba ɗaya, hg -R folda log da hg log -R folda duk ɗaya ne. Subversion, wani takwaran nasu, shi ma kusan ko'ina ka ajiye zaɓi zai gane. Don haka ba wai abin ba ya yiwuwa ba ne, Git ya taso ne daga ƙananan manhajoji daban-daban kowacce da yadda take karanta layinta, kuma canza su yanzu zai iya karya sikirif ɗin mutane da yawa.

Abin da nake yi yanzu, tsari ɗaya nake bi ko da kwamand ɗin zai yarda da wani: git, zaɓinsa, kwamand, zaɓin kwamand, reshe, sannan dash biyu (--), sannan fayil. Dash biyun nan na da amfani sosai in sunan fayil da na reshe suka zo ɗaya. A sikirif kuma ina ƙara --end-of-options da ya zo a siga ta 2.24, don kar sunan da ya fara da dash ya rikiɗe ya zama zaɓi. In maki ne zan ba Git huɗu cikin biyar, ɗayan nan --exclude ne ya cinye shi.