Ki kai ta makarantar ekklisiya, waccan ta bari sai ta nuna aikinta

'Yar'uwa, salama a gare ki. Kin tambaye ni wace makarantar firamare za ki kai yarinyarki. Tsakanin makarantar ekklisiya mai tsohon gini da waccan sabuwa ta mutum ɗaya, mai motar ɗaukar yara da suna daga Littafi Mai Tsarki a jikin ƙofa, ki kai yarinyar ta ekklisiya. Tunda ma aji biyu za ta shiga, ban ga abin dogon tunani ba. Na sa yara a iri biyun, saboda haka ba jita-jita nake ba ki ba.

Ki fara lissafa zangon kansa. Inda ake zango uku a shekara, zango ɗaya mako 12 ne ko 13. Ki cire makon farko da ake rajista da zama sabon aji, ki cire hutun rabin zango, da makon bita, da na jarrabawa, da kwanakin ƙarshe da malamai ke haɗa maki yara na guje-guje a waje. Abin da ya rage na koyarwa tsantsa da ƙyar ya wuce mako 8 ko 9. Duk kuɗin da za ki biya, waɗannan makonnin kike saya, ba fenti ba. To, me kowace makaranta take yi da su?

A ta ekklisiyar da ɗana yake, yau kamar jiya take, kuma abin da nake so da ita ke nan. A kaɗa ƙararrawa, a yi layi aji-aji, a duba farce da kayan makaranta, a yi waƙar yabo ɗaya ko biyu, yaro ɗaya ya fito ya karanta 'yan ayoyi, a yi Addu'ar Ubangiji, shugaba ta yi sanarwa, kowa ya wuce aji. Duka-duka bai kai minti 20 ba. Na faɗi wannan ne don na san inda sujadar safe take komawa wa'azin awa guda, yara na tsaye ƙafa ta gaji, darasin farko kuwa ya tafi ke nan. Lissafi da karatu su ake sawa da sassafe kafin a fita tara, tun kan yaro bai gaji ba. Zane da waƙa da motsa jiki sai can gaba.

Ranar Litinin ake ba da ayar mako. Malama ta rubuta ta a saman allo, ba a goge ta sai Juma'a, kullum a maimaita, ranar Juma'a kowa ya tashi ya kawo tasa. A zango guda suka haddace Zabura 23. Aya 6 ce, aya ɗaya kowane mako, amma duk Litinin daga ta farko ake ɗaukowa, shi ya sa ba ta zubewa. Zango na gaba suka shiga Dokoki Goma a Fitowa 20. Manyan azuzuwa kuma suna jera sunayen littattafai 66 da waƙa (in ta Katolika ce, 73 za ki ji). Hadda dai kowace makarantar Kirista tana yi, har waccan. Bambancin shi ne a nan ayar ba a baki kawai take tsayawa ba. Ita ce rubutun da za su kwafa, daga cikinta ake yi musu shifta, malama ta rufe kalma ɗaya da hannu ta ce wa zai rubuto ta.

Bari in ba ki labarin ɗana. Ya zo musu yana iya "karanta" shafi guda na littafin ajinsu ba tare da ya kalli takardar ba. Baƙo in ya ji shi sai ya ce kai, wannan yaro akwai kai. Amma ki ɗauko kalma ɗaya daga tsakiyar shafin ki rubuta a wani wuri, sai ya yi tsuru-tsuru. A makon farko malamar ajinsu ta riƙa kiransu ɗaya bayan ɗaya gaban teburinta, ta ba kowa takardar da bai taɓa gani ba. Nan ta gano shi. Ta tsayar da ni a bakin aji, ba tsawa ba tonon asiri, ta ce, "Maman yaro, hadda ce da shi, karatun bai zauna ba tukuna. Za mu koma haɗa baƙi. Ke dai a gida ki saurare shi, kada ki faɗa masa kalmar." Ta yanyanka kwali ta rubuta baƙaƙe da wasula, kullum bayan an tashi ta zauna da shi da wasu yara kaɗan na ɗan lokaci, ba ta karɓi ko sisi a kai ba. Makonnin farko har haushi nake ji, ina ganin an mai da min yaro baya. Wajen ƙarshen zango muna zaune a sujada, sai na ga ya jawo Littafi Mai Tsarki daga cinyata, ya sa yatsa ƙarƙashin layi a Luka 15, labarin makiyayin da tunkiyarsa ta ɓata, leɓensa na motsi. Ya zo wata kalma ya cije, ya koma baya, ya rarraba ta, ya wuce. Can ya taɓa ni ya ce a kunne, "Mama, ashe har casa'in da tara ya bari ya tafi neman guda ɗaya?" Labarin ya sha ji a makarantar Lahadi, amma ran nan da idonsa ya tsinto adadin.

Ni a wurina wannan shi ne aikin makarantar Kirista na farko, kuma ba yau aka fara ganin haka ba. Tun a 1524 Martin Luther, jagoran gyaran ekklisiya, ya rubuta wa majalisun biranen Jamus yana matsa musu su buɗe makarantu don yara maza da mata, daga cikin dalilansa har da a samu masu iya karanta Nassi da kansu. Kada kuma ki ɗauka duk yaron da ke zuwa makaranta ya iya karatu. A 2022 Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimce shi. Da yawansu kuwa kullum suna aji. Aji ɗaya zuwa uku nan ne ake kama abin ko a rasa shi, yarinyarki tana tsakiyar wurin.

Lissafi ma haka suke bi da shi, sannu-sannu. Tarawa da ɗebewa sai sun zauna kafin a taɓa sau. Littafin rubutun yaro in kika buɗe, kowane shafi da kwanan wata, da jan biro, inda ya faɗi an sa shi ya yi gyara a ƙasa, an kuma duba gyaran. Ana gwaji kafin hutun rabin zango, ana wani bayansa, sannan a kira iyaye rana guda ki zauna da malamar aji littattafan yaronki a gabanku. Bikin ƙarshen zango ba wani tashin hankali. In zangon Kirsimeti ne, a yi ɗan wasan haihuwar Almasihu daga Luka 2, makiyaya da mayafin gida a ka, a yi waƙa a tashi. Bayan jarrabawa suke shirya shi.

Waccan irin kuwa, in ba su haƙƙinsu, bayan gidansu tsaf yake, motar tana zuwa a kan lokaci, hoto kuma yana kyau. Iyakar yabona ke nan. A wadda na taɓa biya, yaro ɗan aji ɗaya littafin aji uku aka ɗora masa don a ce suna gaba da kowa, aikin gida ya kai mu dare, ƙarshenta ni nake yi shi yana gyangyaɗi. Malamai a Amurka suna da wata ƙa'ida ta minti 10 ga kowane aji, wato ɗan aji biyu kamar minti 20 ya ishe shi. Malamar aji ta canza a tsakiyar zango ba wanda ya ce mana uffan. Makonnin ƙarshe duk rawa da fareti na ranar biki suka cinye, ɗakin kwamfutar kuma sai an yi baƙi ake buɗe shi. Ban koma ba.

Ba na ce ta ekklisiya ba ta da nata. Komai sai kwamiti ya zauna, taga in ta fashe sai ta ga zango biyu. Aji yakan cika. Wani lokaci ɗan dattijon ekklisiya ya yi laifi a kau da kai, na gani, na kuma yi magana. Ki tambaye su a fili yadda suke horo, ko suna duka, wa yake da ikon yi, domin wasu tsofaffin malamai hannunsu da sauri. In kuma ba ɗarikarku ɗaya ba, ki tambayi abin da ake koyarwa a darasin addini, da ko akwai abin da dole yaro ya shiga, kada yarinya ta dawo gida da tambayar da za ta ba ki mamaki. Amma duk da haka akwai ƙofar da za ki ƙwanƙwasa. In shugaba ba ta saurare ki ba akwai kwamiti, akwai fasto, akwai taron iyaye da malamai da ake yi da gaske. Malamansu kuma suna daɗewa, wadda ta koyar da yaya ita za ta koyar da ƙane. A makarantar mutum ɗaya, mai makaranta shi ne kwamiti, shi ne ma'aji, shi ne alƙali. In Allah ya haɗa ki da mai tsoron Allah, madalla, akwai su. In ba haka ba, sai dai ki kwashe yaranki.

Ba ki tambaya ba, amma bari in ja miki kunne, domin harkar makaranta ta zama kasuwa kuma sunan Yesu bai hana wasu cuta ba. Duk wanda kika tambaye shi takardar rajistar makaranta da hukumar ilimi ya ce miki "haba 'yar'uwa, aikin Ubangiji ne, ba ki yarda da ni ba?", ki ɗauki jakarki. Mai gaskiya jawo durowa yake ya nuna miki. Ki kula da masu rangwame in an biya kuɗin shekara gaba ɗaya, musamman makarantar da haya take a ginin. Ki sa a rubuta miki duk abin da za a biya a zangon tun daga farko, har na biki da na yawon buɗe ido, domin wasu kuɗin makarantar suke sassautawa sannan su bi ki da ƙananan takardu duk mako. Kada ki ba da ko nawa ne ba rasit. Akwai masu tilasta sayen littattafai a wurinsu, ki buɗe ki ga na jabu ne, tawada ta dushe, shafi ya ɓace, wani ma har zango ya ƙare ba a taɓa shi ba. Akwai masu aji guda da aka ƙawata don nuna wa baƙi, sauran kuwa kada ki leƙa. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne sakamakon ƙarya. Kowane yaro 90, kowane yaro "ya yi ƙoƙari ƙwarai", don kada uwa ta ji haushi ta cire ɗanta. Wasu tambayoyin jarrabawar ma ake ba yara su haddace a makon bita. Irin wannan sai yaro ya je jarrabawar shiga sakandare asiri yake tonuwa, lokacin kuwa shekara shida ta wuce.

Kafin ki biya, ko da ta ekklisiyar ce, ki je ba sanarwa, ranar Talata ko Laraba da hantsi. Kada ki zauna a ofis. Ki roƙi a nuna miki littafin rubutun wani ɗan aji biyu, ba na ɗaya a ajin ba, na tsakiya. Ki duba kwanan watan aikin ƙarshe, ki ga ko jan biron ya kama kuskure ko kawai layi aka ja aka wuce. Ki kalli jadawalin darasi a bango ki ga ko abin da ke rubuce shi ake yi a wannan sa'ar. Ki tsaya har a fita tara ki ga ko akwai filin da yara za su yi gudu, domin Hukumar Lafiya ta Duniya minti 60 na motsa jiki a rana take so ga yaro mai waɗannan shekarun, makarantar da ke cikin gida mai ɗakuna ba ta da inda za ta ba shi ko rabi. Sannan ki tambayi malamar aji biyu shekararta nawa a wurin.

Abu ɗaya ne zai sa in canza magana, shi ne nisa. Yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12, in zuwa ta ekklisiyar zai sa ki riƙa tashin yarinya tun duhu kuma ba ki da mai kai ta, to motar waccan ta zama abin dubawa, sai ki bi su da duk tambayoyin nan ki sa ido sosai. In kuwa tafiyar ba ta da yawa, ki je ki kama mata gurbi tun kafin a koma, don aji biyu yakan cika da wuri. Ki tafi da sakamakonta na baya, amma ki ce wa malamar ta gwada karatunta da kanta a makon farko, ta faɗa miki gaskiyar inda take.