Gargaɗi ga mata kan masu sayar da shayin rage ƙiba

Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah duk wadda take fama da rage ƙiba ta tsaya ta karanta, musamman wadda ta fara ganin sauƙi sai kuma sikeli ya tsaya cak, don wallahi ku ne waɗannan mutanen suke farauta.

Ni na sauko daga kilo 97 zuwa 89 cikin wata biyar, da tafiyar ƙafa bayan asuba da rage tuwon dare, sai abu ya tsaya, sati shida ko gezau, duk raina ya jagule. A wannan halin ne wata mata mai talla a wani guruf ɗinmu ta turo min saƙo ni kaɗai, wai kitsena ne ya daskare sai an narkar da shi, ga shayinta ganye zalla, kilo 10 a sati biyu ba sai na wahalar da kaina ba. Na tura mata dubu 18 aka kawo min a wata leda, ba sunan kamfani, ba lambar NAFDAC, ba a rubuta abin da ke ciki ba.

Daren farko cikina ya fara murɗawa, zawo kamar famfo ga fitsari ba ƙaƙƙautawa, na faɗa mata tace "Hajiya dattin ne ke fita, ki daure." Kwana huɗu kilo 3 suka tafi har na fara murna, a rana ta shida jiri ya ɗebe ni a kicin zuciyata na bugawa fat-fat ƙafafuna sun saki, sai asibiti, leda biyu ta ƙarin ruwa aka yi min. Likitar tace ruwan jikina da sinadarin fotasiyam ne suka ƙare, kitse yana nan inda yake. Tace irin wannan haɗin yawanci filasko ne ko maganin sa fitsari, wasu ma har an sha kama su da sibutramine a ciki, wani maganin rage ƙiba da aka janye daga kasuwa a Amurka da Turai tun 2010 saboda yana jawo bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Cikin sati ɗaya kilo ukun nan suka dawo. Da na nemi matar sai tace ai sai na sayi zagaye na biyu, na matsa mata tayi bulokin ɗina.

Ku duba lissafin ma, kilo ɗaya na kitse kusan kalori 7,700 ne (kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki), kilo 10 kenan 77,000, mace kuma a rana kusan 2,000 take ƙonawa, to ko ba ki ci komai ba sati biyun nan ba za ki kai rabi ba.

Tsayawar sikeli ba ciwo ba ne, jikin da ya ragu ba ya ƙona abin da yake ƙonawa da, abincin da ya rage miki ƙiba a kilo 97 yana iya zama daidai cin ki a 89. Da na zauna na rubuta duk abin da nake ci na sati guda sai na gano man da nake kwarara wa miya, cokali ɗaya ma kalori kusan 120 ne, ga zoɓo da kunun aya cike da sukari da ban taɓa lissafa su a abinci ba. Na koma auna mai, na ƙara wake da ƙwai da kifi da zogale, tafiyata na ƙara mata sauri, na haɗa da tsugunne-tashi da ɗaga jarkar ruwa kwana biyu a sati don tsoka. Hukumar Lafiya ta Duniya ma minti 150 zuwa 300 na motsa jiki a sati tace. Yanzu rabin kilo nake saukewa a sati, wani satin ma babu, amma tef ɗin ƙugu yana nuna min bambanci.

Duk wadda take shan shayin nan yanzu, balle mai shayarwa ko mai hawan jini ko ciwon ƙoda, dan girman Allah ki ajiye shi yau, in kina jin jiri ko bugun zuciya ki tafi asibiti da ledar a hannunki likita ya gani.