Kindirmo, yogot ɗin shago ko wanda kika haɗa da hannunki? Amsa ga ƙanwarmu ta Gwallameji

Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwarmu da ke aji ɗaya tana zaune a unguwar Gwallameji a Bauchi ta yi tambaya, ta ce tana son yogot sosai amma kuɗin da ake turo mata daga gida ba ya kaiwa ƙarshen wata, ɗakinsu babu firji sai ɗan risho da filas ɗin abinci, shin wanne ya fi mata tsakanin sayen na shago, sayen kindirmo wajen Fulani, ko ta koyi haɗawa da kanta, kuma da me za ta riƙa ci ya riƙe ta har a tashi lakca. Toh ƙanwata zauna ki ji, ni ma na yi zaman ɗakin haya a Yelwa kuma duka ukun babu wanda ban gwada ba.

Na shago dai ba sai na daɗe a kansa ba. Daɗinsa ɗaya ne, kin miƙa kuɗi kin sha da sanyinsa, in mai lambar NAFDAC ne kuma kin duba ranar lalacewa hankalinki kwance. Amma shi ne ya fi tsada nesa ba kusa ba, kuma yawanci an cika masa suga da filebo har ba za ki iya sa shi a abin gishiri ba, ga shi wasu tsararo ne kamar ruwa, ki sha yanzu bayan awa ɗaya cikinki na kuka. Kuma kala biyu ne fa, mutane da yawa ba su lura ba. Akwai na roba ko leda da dole sai a firji ake ajiye shi, akwai na kwali da za ki gani jere a kan kanta wata da watanni bai yi komai ba. Na kwalin an sake dafa shi bayan ya kama, zafin ya kashe ƙwayoyin da ke cikinsa shi ya sa yake daɗewa. Ki riƙe wannan, zan dawo kansa.

Kindirmo kuwa wallahi in kika dace da mai kyau babu yogot ɗin da zai kama ƙafarsa a ɗanɗano. Madarar shanu ce gaba ɗayanta da maiƙonta, a dafa ta a bari ta huce a zuba ɗan tsohon nono a rufe ƙwarya ta kwana, da safe ki ga ya kama har ludayi na tsayawa. Kar ki haɗa shi da nono tsala, shi wannan an riga an kaɗe an kwashe man shanun, ya fi ruwa ya fi tsami ya fi araha, kuma da rani in nono ya yi wuya wasu kan ƙara masa ruwa da garin 'ya'yan kuka don ya yi kauri. Garin kuka ba guba ba ne, muna sha tun muna yara, amma dai ki san abin da kika saya. Matsalar kindirmo ga ɗaliba guda biyu ce. Ta farko lokaci, da damina ciyawa ta fito shanu sun ƙoshi za ki same shi a wadace a bakin kasuwannin Wunti da Muda Lawal har cikin unguwanni, amma daga Fabrairu zuwa Mayu shanu sun yi kudu neman kiwo sai ya yi ƙaranci ya yi tsada. Ta biyu ita ce ta fi damuna, tsafta. Ba ki ga ruwan da aka wanke ƙwaryar da shi ba, ba ki san ko an dafa madarar ta dahu ba, kuma ɗanyar madara tana iya ɗauke da tarin fuka na shanu da wata cuta da likitoci ke kira burusela mai sa zazzaɓi yana tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi, ga taifot in ruwan bai da kyau. Ba ina ɓata sana'ar iyayenmu mata Fulani ba ne, da yawansu sun fi mu tsafta, ki dubi yadda suke goge ƙwarya tana ƙyalli. Abin da nake cewa ki samu mace ɗaya ki saba da ita, ki gaishe ta da Inna, ki tambaye ta ko dafaffe ne, ki zo da robarki mai murfi, ki saya da safe kafin rana ta dake shi.

Yanzu na ukun, wanda shi ne zaɓina a gare ki kuma a nan zan daɗe. Haɗa yogot ba wani sirri ba ne, wasu ƙwayoyin bakteriya ne masu amfani guda biyu, Lactobacillus bulgaricus da Streptococcus thermophilus, suke cinye sugan da ke cikin madara su mayar da shi tsami, tsamin nan shi ke sa madarar ta daskare. Shi ya sa ma wasu da madara ke ɓata wa ciki suke iya shan yogot lafiya lau, an riga an rage musu sugan. Abin da ƙwayoyin nan ke so kawai ɗumi ne, wajen digiri 43, da a ƙyale su awa 6 zuwa 8 ba a girgiza ba. Kin ga filas ɗin abincin nan naki shi ne injin gaba ɗaya.

Ki sayi madarar gari ta awo a Muda Lawal ko kasuwar Yelwa, mai maiƙo ta fi yin kauri. Da daddare bayan isha ki tafasa ruwa kofi 3, ki ɗauraye filas da cokali da ruwan zafi, ki bar ruwan ya sha iska har ki iya sa ƙaramin yatsanki mai tsafta ki ƙirga goma ba ki cire ba amma kina jin ɗuminsa sosai. Ki dama madara kofi 1 a ciki kar ki bar gudaji, sai ki kawo iri cokali 2, wato ɗan yogot ɗin da ya riga ya kama, ki juya a hankali ki zuba a filas ɗin ki rufe ki ajiye inda ba mai taɓawa. Kafin ki idar da sallar asuba ya kama. Wannan awon zai ba ki kusan lita ɗaya, ki je ki tambayi kuɗin kofin madara ki kwatanta da kuɗin robar rabin lita guda biyu a shago, lissafin da kansa zai ba ki amsa.

A nan ne maganar kwalin nan ta dawo. In kika yi iri da na kwali za ki wayi gari ki tarar da madararki yadda kika bar ta, don ƙwayoyin sun mutu, ni haka na yi asarar madara har sau biyu ina ta zargin hannuna. Ki sayi ƙaramar roba ta firji marar filebo, ko ki yi da kindirmon Innar da kika yarda da ita, yana kamawa sai dai ɗanɗanon yakan bambanta daga yau zuwa gobe. In ruwan ya yi zafi da yawa shi ma ya kashe irin. Kar ki sa suga sai ya kama. Lokacin zafin Maris da Afrilu da Bauchi ke kaiwa digiri 40 awa 5 ma ya isa, in kika bar shi ya wuce zai yi tsami ya tsatso ruwa, da hunturu kuwa Disamba da Janairu ki naɗe filas ɗin da bargo ki ba shi har awa 10.

Rashin firji shi ne inda na gida ke da rauni, ba zan ɓoye miki ba. Wanda bai shiga sanyi ba a ranar ake shanye shi, don haka kar ki yi lita guda ke kaɗai, ki raba awon biyu ko ku haɗa kuɗi da 'yan ɗakinku. Irin gobe ki ɗebe shi tun farko da cokali mai tsafta a ƙaramar roba, ki tsoma robar cikin ruwan randa ko ki roƙi mai shagon da kike ciniki wajensa ya sa miki a firjinsa, in an juya iri sau 4 ko 5 ya fara rauni sai ki sayi sabo. Kika ga kumfa, ko murfi ya kumbura, ko wari, ko wani launi a samansa, zubar kawai, kuɗin asibiti ya fi kuɗin madara.

Sai abin ci da shi. Fura ita ce uwa, ƙwallo biyu na furar gero ki dama da yogot ɗinki, in za ki shiga lakca tun 8 har azahar wannan ya riƙe ki, kuma a fura kam kindirmo ya fi na gida daɗi, gaskiya ɗaya ce. Garin kwaki kuma maimakon ruwa da suga kawai, ki jiƙa shi kaɗan ki zuba yogot da soyayyar gyaɗa ko ƙuli-ƙuli, abin da ake kira abincin talauci sai ya koma abinci mai gina jiki. Dambun masara ko na shinkafa da ya kwana ki turara shi ki zuba yogot a kai. Ayaba ɗaya ki murƙushe da cokali ki sa dabino uku da kika jiƙa, ba kya buƙatar suga ko bilenda, lokacin mangwaro kuma ki yanka shi a ciki.

Inda na gida ya yi wa sauran biyun fintinkau shi ne abin gishiri, tunda babu suga a ciki. Ki yanka kabeji da karas da kokwamba da albasa, ki sa yogot cokali uku da ɗan gishiri da dakakken ƙuli da yaji, ya maye miki gurbin Bama a kan shinkafa da wake ko dafaffen dankali. Awara in kika saya ki haɗa yogot da tafarnuwa da yaji ki riƙa dangwalawa. Ranar da Allah ya hore kaza ko 'yar tsokar nama ki cuɗe ta da yogot da citta da tafarnuwa ki bar ta minti 30 kafin ki soya, tsamin yana sa nama ya yi laushi. Abu ɗaya, kar ki zuba yogot a tukunya tana tafasa, zai tsinke ya yi gudaji, sai kin sauke. In kuma kina son na shafa wa burodi ki juye shi a farin ƙyalle mai tsafta ki rataye awa 2 ruwan ya tsane, zai yi kauri kamar bota, ruwan da ya ɗiga kuma kar ki zubar, ki kwaɓa fulawa da shi da ƙwai ɗaya da ɗan bakar hoda ki soya fanke, ko ki zuba a ƙullun masa in kin je gida hutu ki ga yadda za ta tashi.

Don haka ƙanwata in ni ce ke, na shago zan riƙa saya ƙaramar roba ɗaya don iri kawai, kindirmo in damina ta sauka in sha furata ranar Juma'a, sauran kwanakin kuma filas ɗina. Ki fara da rabin kofin madara da ruwa kofi ɗaya da rabi da iri cokali ɗaya yau da daddare, in bai kama ba ki faɗa min irin da kika sa da yadda zafin ruwan yake mu gano inda aka kuskure.