Taragon gadi da na kwana a cikinsa a Amurka

Kawu, barkanku da warhaka. Kun sha tambayata ko jirgin ƙasan Turawa ya kai yadda ake zuzuta shi, to ga abin da idona ya gani.

Daga Filadelfiya na hau jirgin fasinja zuwa Lankasta, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci. Tikiti a waya na saya, kwandasta ya zo ya haska wayar da na'urarsa ya wuce. Kujera mai laushi, ga wurin cajin waya a gefe, jirgi kuma ya tashi a kan lokaci. Amma Kawu, ko ruwan sha babu mai sayarwa a cikinsa. A tasha ma wani akwatin ƙarfe ne zai karɓi kuɗinka ya tofo maka biskit mai sanyi. Wallahi sai da na tuna tashar Zariya, inda jirgi bai gama tsayawa ba 'yan talla sun kewaye taga da rake da dafaffen ƙwai da fura. Ta wannan fannin mun fi su nesa ba kusa ba.

Abin da ya kai ni shi ne tarago irin wanda kuka yi shekaru kuna aiki a cikinsa, wato taragon gadi na ƙarshen jirgin kaya. Su kabus suke ce masa, yawanci ja ne. Nasu yana da wani ɗan ɗaki a kan rufi mai tagogi ta kowane gefe, inda ma'aikaci ke hawa ya zauna yana duban taragun gaba, ko zai hango hayaƙi daga ƙafar da ta yi zafi. A ƙasa akwai murhun gawayi, da teburin rubutun kwandasta, da gadajen kwana. A shekarun 1980 aka yawaita amfani da wata 'yar na'ura mai jar fitila da ake maƙalawa a bayan jirgi, tana auna iskar birki tana aika wa direba, daga nan kamfanoni suka daina jan kabus. Wasu an yanka su an sayar da ƙarfen, wasu kuwa jama'a suka saye.

Kusa da garin Strasburg akwai masauki mai suna Red Caboose Motel, wanda aka buɗe a 1970 da tsofaffin taragu 19. Nan na kwana. An sa banɗaki da ruwan zafi da na'urar ɗumama ɗaki, amma ƙarfen riƙo na bakin ƙofa da matakalar hawa suna nan yadda suke. Kuɗin ba araha, duk da haka iyaye na ta kawo yaransu. Da safe na leƙa taga sai ga keken doki na mutanen Amish, wasu Kiristoci manoma da ba sa tuƙa mota, yana wucewa ta gefen gonar masara.

A gidan tarihin jiragen ƙasa da ke garin na tarar da wani dattijo ɗan fansho yana kankare tsatsa da burushin waya, sisi ba a biyansa. Na tsaya ina kallon hannunsa, duk fenti ya shiga farcensa. Raina ya sosu, domin na tuna taragun da ke bayan tashar garinmu, ciyawa ta cinye su, 'yan jari-bola na kwance su da dare. Layin dogo ya iso Kano tun 1911, shi ya kwashe dalar gyaɗa zuwa Legas, amma yaran gidanmu ba su taɓa taka cikin taragon gadi ba.

Don Allah Kawu, ku adana min tsohuwar fitilarku ta hannu da jar tuta da koriyar nan, kada a bayar da su. In na zo hutu, in sha Allahu, za mu je tasha tare ku nuna min taragon da kuka fi daɗewa a ciki, in yana nan. A gaida Inna da yara.